Shingen Zomo da Nauyin Neman Gafara: Waiwaye kan Fim ɗin Phillip Noyce

A ƙarshen fim ɗin *Rabbit-Proof Fence*, bayan wasa ya ƙare, kyamara takan bar ƴan wasa ta koma kan wasu tsofaffin mata biyu suna takawa sannu a hankali a ƙasarsu ta Jigalong, can cikin hamadar yammacin Ostiraliya. Su ne Molly Craig da ƙanwarta Daisy Kadibil, su da kansu, waɗanda mai kallo ya shafe awa ɗaya da rabi yana bin sawun ƙuruciyarsu. Sai murya ta taso da harshen Martu tana ba da ragowar labarin: bayan Molly ta yi aure ta haifi ƴaƴa mata biyu, hukuma ta sake kwashe ta tare da su zuwa sansanin da ta gudo daga cikinsa, ta sake gudowa a ƙafa, ɗauke da ƙaramar mai suna Annabelle, da yarinyar ta kai shekara uku aka zo aka ɗauke ta, uwar kuma ba ta ƙara sa ta a ido ba. Wannan ɗan jawabi bai wuce ƴan mintoci ba, amma a ganina ya fi duk abin da ya gabace shi nauyi. Da shi ya kamata a auna fim ɗin, da shi kuma za a auna ƙasar da aka yi fim ɗin dominta.

Phillip Noyce ya fitar da wannan aiki a shekara ta 2002, ya ciro shi daga littafin da Doris Pilkington Garimara, babbar ƴar Molly, ta wallafa a 1996. Ya fito ne ana tsakiyar wata zazzafar muhawara: shin gwamnatin Ostiraliya za ta buɗe baki ta nemi gafarar ƴan asalin ƙasar, wato Aborijin, kan ƴaƴansu da aka yi ta ƙwacewa, ko kuwa za ta ci gaba da noƙewa? Gwamnati ta nemi gafarar a 2008. A 2023 kuma masu zaɓe suka ƙi yarda a ba Aborijin murya cikin kundin tsarin mulki. Da yake waɗannan abubuwa biyu sun riga sun wakana, mai sharhi na yau yana da wata dama da masu kallon farko ba su samu ba, ta ganin abin da fim ɗin ya iya motsawa a zukatan mutane da kuma abin da ya bari kwance.

Doka, zomo da waya

Turawan Ingila sun sauka a Sidni a 1788, suka ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, alhali al'ummomi masu harsuna kimanin 250 sun yi dubban shekaru a cikinta. Sai a 1992 babbar kotun ƙasar, cikin shari'ar Eddie Mabo, ta rushe wannan da'awa. A jahar Ostiraliya ta Yamma, wata doka ta 1905 ta mai da wani jami'in gwamnati, wanda aka laƙaba wa suna Babban Mai Kare Aborijin, waliyyin kowane yaron Aborijin da bai kai shekara 16 ba, ko da uwarsa tana raye tana goye da shi. A. O. Neville ne ya riƙe wannan iko daga 1915 zuwa 1940. Hankalinsa ya fi karkata ga yara ruwa-biyu, waɗanda Turawa suka haifa da matan Aborijin. Manufarsa ita ce a raba su da iyayensu mata, a horar da su aikin bauta a gidajen Turawa da gonakinsu, a aurar da su ga masu hasken fata, har baƙin ya salwance a cikin zuriya. A wani taron jami'ai da aka yi a Kambera a 1937 ya bayyana burinsa ƙarara, cewa a narkar da su cikin fararen fata har a wayi gari an manta an taɓa yin Aborijin a ƙasar.

Shi kuwa shingen, asalinsa wani abin dariya ne mai ban takaici. A 1859 wani Bature manomi ya saki zomaye ƴan kaɗan a gonarsa don ya riƙa farauta kamar yadda ya saba a Ingila. Zomayen suka hayayyafa har suka zama annoba. Tsakanin 1901 da 1907 hukumomin yamma suka kafa shingayen waya uku domin tare su, mafi tsawonsu ya haura kilomita 1,800, ya ratsa ƙasar daga tekun kudu zuwa na arewa. Jigalong zango ne na masu kula da wannan shinge, kuma mahaifin Molly Bature ne daga cikinsu.

A 1931 aka ɗauke Molly mai shekara 14, da Daisy mai 8, da ƴar uwarsu Gracie mai 10, aka kai su sansanin Moore River a arewacin birnin Perth. Ba su daɗe ba suka gudu. Molly ta yi tunanin cewa idan suka samu shingen suka bi shi arewa, to zai kai su gida. Suka yi mako tara suna tafiya a ƙafa, kimanin kilomita 1,600, nisan da ya zarce na Yamai zuwa Diffa. Gracie ta rabu da su a hanya bayan an gaya mata uwarta tana Wiluna, aka kama ta, ba ta kuma sake komawa Jigalong ba. Molly da Daisy suka isa.

Abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji

Babban sa'ar wannan labari ita ce tarihi da kansa ya ba shi alamarsa, mawallafi bai ƙago ta ba. An kafa shingen don tsare ɓarnar da Bature ya kawo da hannunsa ta kuma gagare shi. Masu gyaran shingen ne suka haifi yaran da Neville yake kallo a matsayin wata annobar da za a tare. Sannan wannan waya ita ce ta yi wa yaran jagora zuwa gida. Noyce ya gane cewa ba ya bukatar ƙara wa wannan gishiri da yawa. A wurin da yaran suka fara isa ga shingen suka kama wayar, sai ya yanke zuwa Jigalong, inda uwar Molly take riƙe da ita a ɗaya ƙarshen. Babu wanda ya ce uffan. Mai kallo da kansa yake haɗa hannayen biyu.

Christopher Doyle, mai ɗaukar hoton, ya sauke kyamara zuwa tsayin yaro. A Moore River, lokacin da aka kira sunan Molly ta fito gaban Neville domin ya ɗaga rigarta ya duba hasken fatar bayanta, muna ganin fuskarsa ne ta idonta, tana sunkuyowa kanmu da murmushi, muna kuma jin numfashinta. Yayin da tafiya take nisa launuka suna ta kwaranyewa daga hoton, har a filin gishiri inda yaran biyu suka faɗi, komai ya koma fari fat, kamar hasken da yake kashe ido a tsakar rana ta bazara. Everlyn Sampi, wadda ta fito a matsayin Molly, ba ta taɓa wasan fim ba kafin nan, kuma kalmomin da aka ba ta kaɗan ne. Da ido take wasanta. Kallon da take yi wa masu kula da sansanin kallon mai auna ƙarfin abokin gaba ne, kuma shi ya hana fim ɗin mai da ita abin tausayi kawai.

Harshe ma yana da nasa aiki. Da Martu aka buɗe fim ɗin, da shi aka rufe, Turancin Ingilishi kuwa ya mamaye tsakiya a matsayin harshen umurni da takarda da addu'ar dole. Tun cin abincinsu na farko a sansanin aka kwaɓi yaran don sun yi magana da harshen uwarsu. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasarmu a zamanin da ake rataya wa yaro sambol don bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ko Zabarmanci, zai gane wannan kwaɓa tun kafin a fassara masa ita.

Mai cuta cikin ladabi

Abin da ya fi ba fim ɗin daraja a wurina shi ne yadda aka gina Neville. Da an so, da an yi shi dodo mai tsawa da bulala. Kenneth Branagh ya buga shi a matsayin ma'aikacin ofis mai tsabta da tsari, wanda ba ya ɗaga murya, yana kuma da yaƙinin cewa alheri yake yi. Muna ganinsa a teburinsa sakatariya tana karanto masa koke-koken mutanen da suka yi layi a waje: wannan yana neman izinin aure, waccan tana neman izinin ganin ɗanta, wata kuma takalmi take roƙo. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafin buhunan gyaɗa. Muna ganinsa yana nuna wa matan Turawa masu taimakon jinƙai hotunan majigi na kaka da uwa da jika, yana bayyana musu cikin natsuwa yadda baƙin fata yake ɓacewa a zuriya ta uku. Da yaran suka gudu, damuwarsa biyu ce: kuɗin da neman zai ci daga kasafin ma'aikatarsa, da abin da jaridu za su ce. A ƙarshe, da suka kuɓuce masa, sai ya zauna yana shibtar wasiƙa cikin takaicin cewa mutanen nan sun kasa fahimtar irin taimakon da ake ƙoƙarin yi musu.

Wannan zaɓi yana da ma'ana ta siyasa. Babbar hujjar masu ƙin neman gafara a wancan lokaci ita ce, jami'an da suka yi wannan aiki da kyakkyawar niyya suka yi shi, kuma bisa dokar zamaninsu. Kotu ma ta bi wannan hanya: a shekara ta 2000 Lorna Cubillo da Peter Gunner, waɗanda aka ɗauke suna yara, sun yi ƙarar gwamnatin tarayya suka sha kaye, kuma daga cikin abin da alƙali ya dogara da shi har da dangwalen yatsan uwar Gunner a kan wata takarda, wanda aka ɗauka a matsayin yardarta. Fim ɗin bai ɓata lokaci wajen musanta kyakkyawar niyyar ba. Ya karɓe ta, ya sa mana ita a gaba cikin kwat da taye, sannan ya nuna mana kakar yaran tana dukan kanta da dutse bayan mota ta tafi da su. Daga nan hujjar niyya ba ta da sauran inda za ta tsaya, domin mai kallo ya ga cewa niyyar da ba ta taɓa tambayar uwa ra'ayinta ba, ko da ta kai zuma daɗi, ƙwace ce.

Maratayin zomo

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mutumin da aka sa ya bi sawun yaran, Moodoo, shi ma Aborijin ne, kuma shi yaran sansanin suka fi tsoro, domin shi ne yake komo da duk wadda ta gudu a sa ta a ɗakin horo a aske mata kai. David Gulpilil, wanda ya rasu a 2021, ya buga wannan rawa kusan ba tare da magana ba. Sannu a hankali muke gane cewa shi ma a ɗaure yake: ƴarsa tana cikin sansanin, ya roƙi a bar shi ya koma ƙasarsa an hana shi. Yayin da Molly take ɓad da sawu, ta bi cikin ruwa, ta yi amfani da saukar ruwan sama, ta sa safa ta taka kan duwatsu, sai mu ga wani ɗan murmushi yana giftawa a fuskarsa. Fim ɗin bai faɗa mana ko ya rasa sawun ne da gaske ko ya kau da kai ne da gangan ba, kuma wannan shirun ya fi kowace amsa daraja. Tarihin mulkin mallaka a ko'ina cike yake da irinsa, tafintoci da masu gadin bariki da suka tsaya tsakanin Nasara da danginsu, waɗanda hukunta su yake da sauƙi ga wanda bai taɓa tsayawa inda suka tsaya ba.

Sai kuma Mavis, wadda Deborah Mailman ta fito a matsayinta, baiwar gida a wata gona da yaran suka kwana. Ita ma daga Moore River ta fito. Cikin dare maigidan ya shigo ɗakinta kamar yadda ya saba, ya tarar da yara a shimfiɗarta ya fita, ita kuwa ta riƙa roƙonsu kada su tafi, don in sun tafi zai dawo. Wannan fitowa gajeriya ce, amma a cikinta aka nuna yadda injin yake juyawa: a ƙwace yarinya, a horar da ita bauta, a tura ta gidan Bature, ta dawo da ciki, a ƙwace abin da ta haifa. Neville da bakinsa ya bayyana wa taron 1937 cewa haka tsarin yake, ana barin uwar da jaririn shekara biyu sannan a raba su. Mavis ita ce makomar da Molly take gudu.

Inda aka yi tuntuɓe

Duk da haka, akwai wuraren da hannun Noyce, wanda ya yi shekaru yana shirya finafinan tsere da leƙen asiri a Amurka, ya rinjayi labarin. A fim, ɗan sanda Riggs ya zo da mota a guje ya fizge yaran daga hannun iyayensu mata ana kokawa da kururuwa, daga baya kuma muka gan su cikin keji a jirgin ƙasa. A littafin Doris ba haka abin ya faru ba. Riggs ya zo ya faɗi abin da ya kawo shi, dangi suka sunkuyar da kai suka miƙa yaran don sun san babu yadda za su yi, kuka ya ɓarke bayan an tafi, kuma wani ɓangare na tafiyar a jirgin ruwa aka yi shi zuwa Fremantle. Haka nan tallar fim ɗin ta ƙara wa tafiyar tsawo, ta kai ta mil 1,500. Marubuta irin su Keith Windschuttle da Andrew Bolt sun kama waɗannan saɓani suka yi ta kaɗa su don su jefa shakka kan labarin baki ɗaya. Ana iya kare Noyce da cewa an yi ƙwace irin na mota da kokawa a wurare da dama, shaidu kuma sun faɗa. Amma ƙorafina na daban ne. Yadda littafin ya kawo abin ya fi ban tsoro, domin yana nuna ikon da ya kai matsayin da ba ya bukatar ɗaga hannu, uwa ta miƙa ƴarta da kanta tana kallo. Noyce ya musanya wannan da abin da ya fi saurin sa hawaye, ya kuma ba abokan gabar gaskiya sanda.

Tuntuɓe na biyu ya fi girma. Doris ba da ƴan matan ta fara littafinta ba. Ta fara ne da zuwan Turawa, da ƙwace ƙasa da wuraren ruwa, da kashe-kashe, da yadda mutanen hamada suka rasa abin dogaro har suka gangaro zango irin Jigalong suna karɓar rabon gari da shayi daga hannun hukuma. Fim ɗin ya nuna mana ranar rabon, ya yi shiru kan abin da ya mai da masu ƙasa mabarata a cikinta. Ta haka Baturen Ostiraliya zai iya zama a sinima ya yi kuka don yarinya, ya fito ba tare da an tambaye shi komai game da gonar da ya gada ba. Maganar yara tana haɗa kan kowa, maganar ƙasa kuwa tana raba mutane, kuma fim ɗin ya zaɓi wadda ta fi sauƙi.

Na uku shi ne siffar labarin kanta, ta gudu da tsira. Tallar fim ɗin a Amurka tambayar mai kallo ta yi, yaya zai ji da ƴarsa ce gwamnati ta sace. Wannan dabara tana aiki, amma tana mai da tausayin ya koma kan mai kallon da kansa. Kiɗan Peter Gabriel, duk da kyansa, yakan kumbura a inda ya kamata a bar iska da takun ƙafa su yi magana. Sannan labarin waɗanda suka komo gida labarin ƴan ƙalilan ne. Mafi yawan yaran da aka ɗauka sun girma ne a gidajen marayu da ɗakunan girkin Turawa, wasu har suka mutu ba su san sunan uwarsu ba. Abin da ya ceci fim ɗin daga zama tatsuniyar nasara shi ne tsofaffin nan biyu na ƙarshe da labarin Annabelle, wanda ya ƙwace wa mai kallo sanyin zuciyar da aka ba shi minti ɗaya kafin nan.

Daga sinima zuwa majalisa

A watan Disamba na 1992 firaminista Paul Keating ya tsaya a unguwar Redfern ta Sidni ya lissafa laifuffukan da bakin «mu»: mu muka ƙwace ƙasa, mu muka kawo cututtuka da giya, mu muka yi kisa, mu muka raba ƴaƴa da iyayensu mata. A ranar 26 ga Mayu 1997 aka gabatar wa majalisa rahoton *Bringing Them Home*, na kwamitin da Ronald Wilson da Mick Dodson suka jagoranta, bayan sauraron shaidar Aborijin fiye da 500. Rahoton ya ƙiyasta cewa tsakanin 1910 da 1970 an ɗauke daga yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku, ya ce wannan ya shiga ma'anar kisan ƙare dangi a dokar ƙasa da ƙasa, ya kuma ba da shawarwari 54, ciki har da neman gafara da biyan diyya. Firaminista John Howard ya ƙi, yana mai cewa ba za a ɗora wa mutanen yau laifin da ba su aikata ba. A wani taron sulhu a Melbourne a wannan shekara, mahalarta suka miƙe suka juya masa baya yana cikin jawabi. A watan Mayu na 2000 mutane kimanin 250,000 suka taka gadar Sidni don nuna goyon bayansu ga sulhu.

Cikin wannan yanayi fim ɗin ya fito, ya ci kyautar fim mafi kyau ta ƙasar a 2002, ya shiga makarantu, ya ba rahoton fuska da suna. Ba zan ce shi ya kawo neman gafarar ba, amma yana cikin abubuwan da suka sa ƙin yin ta ya zama abin kunya. Ranar 13 ga Fabrairu 2008 sabon firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa, tsofaffin da aka sace suna yara suna zaune suna saurare, ya nemi gafararsu da sunan gwamnati da majalisa. Howard bai halarta ba. Molly kuwa ta riga ta rasu tun watan Janairu na 2004.

Kimanta ɓarna

A karkararmu, idan dabbobi suka faɗa gonar mutum aka kai magana gaban mai gari, kowa ya san matakan sulhu. Mai dabbobi zai amsa cewa nasa ne suka yi ɓarnar. Za a tura dattawa su je su kimanta ta. Zai biya. Sannan a duba burtali da iyakar gona don kada a maimaita baɗi. «Yi haƙuri» tana da muhimmanci, kuma ba a fara komai sai da ita, amma babu manomin da zai yarda an gama sulhu a kanta.

Idan aka auna Ostiraliya da wannan ma'auni, matakin farko ya tabbata a 2008. Na biyu da na uku sun zo da tafiyar hawainiya. Rudd ya nemi gafara ya kuma kau da maganar diyya daga gwamnatin tarayya. Jahar Tasmaniya ce ta fara kafa asusun biya a 2006. Gwamnatin tarayya ta bi a 2021 da dalar Ostiraliya 75,000 ga kowane mutum daga yankunan da take mulka kai tsaye. Jahar Ostiraliya ta Yamma, ƙasar Molly, sai a 2025 ta sanar da nata tsarin, bayan Doris ta rasu a 2014, Daisy kuma a 2018. Mataki na huɗu shi ne mafi rauni. Aborijin ba su kai kashi 4 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, amma fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran da hukuma ta raba da gidajensu nasu ne, kuma yawansu ya ninka tun bayan jawabin Rudd. Gaskiya ne dokokin yau na kare yara ne, babu mai maganar shafe launin fata, amma talauci da shaye-shaye da rushewar iyali da ake kafa hujja da su, da yawansu gadon Moore River ne da ire-irensa. Wadda aka raba da uwa tana shekara uku, a ina za ta koyi renon ɗa?

A 2017 wakilan Aborijin suka taru a Uluru suka nemi abu uku: murya a tsarin mulki, yarjejeniya, da faɗin gaskiyar tarihi. Sun yi amfani da kalmar *makarrata* ta harshen Yolngu, mai nufin haɗuwa bayan faɗa. Ranar 14 ga Oktoba 2023 aka yi zaɓen raba gardama kan muryar, kimanin kashi 60 cikin 100 suka ce a'a, kuma babu jaha ko ɗaya cikin shida da ta amince. A ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 suka amince a 1967 a riƙa ƙidaya Aborijin cikin jama'a, wannan sakamako ya nuna iyakar tausayi. Jama'a sun yarda su yi nadamar abin da Neville ya yi, amma da aka zo maganar a riƙa tambayar Aborijin kafin a yanke hukunci a kansu, wanda shi ne ainihin abin da Neville bai taɓa yi ba, sai suka ja da baya. Jahar Victoria ita kaɗai ta ci gaba har ta ƙulla yarjejeniya a 2025.

Bai kamata wannan ya sa mu raina abin da aka yi a 2008 ba, mu da muka san ɗacin rashinsa. Ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙwanni da garuruwa da dama a 1899, fiye da ƙarni ɗaya kuma ya shuɗe babu wani shugaban Faransa da ya tsaya gaban majalisarsa ya nemi gafarar jikokin waɗanda aka kashe. Beljiyam sai a 2019 ta nemi gafarar yara ruwa-biyu da ta ƙwace daga iyayensu mata a Kongo da Ruwanda da Burundi, a 2024 kuma wata kotu a Brussels ta kira wannan aiki laifin cin zarafin bil'adama. Sai dai akwai bambanci da ya kamata mu lura da shi. *Sarraounia* na Med Hondo, wanda ya ciro daga littafin Abdoulaye Mamani a 1986, da jikokin waɗanda aka zalunta yake magana, yana ɗaga musu kai, domin a nan Nasara ya tattara ya tafi. Fim ɗin Noyce kuwa da jikokin waɗanda suka yi zaluncin yake magana, a ƙasar da su ne masu rinjaye kuma babu inda za su. Wannan ne ya sa yake lallashi, wannan kuma ya sa ya tsaya inda ya tsaya.

Doris tana da shekara huɗu uwarta ta bar ta a Moore River, don ba za ta iya ɗaukar yara biyu ta ratsa hamada ba. Sai bayan fiye da shekara 20 suka sake haɗuwa, kuma daga bakin Molly da Daisy ta tattara labarin da ta rubuta. Annabelle kuwa an rene ta a wani gidan yara aka gaya mata marainiya ce, alhali uwarta tana Jigalong tana jira har ta koma ga Mahaliccinta. Wanda ya samu damar kallon wannan fim, ya daure ya zauna har tsofaffin nan biyu su fito, ya saurari abin da muryar za ta faɗa, sannan ya nemi littafin Doris ya fara daga babin farko, inda ake maganar ƙasa.